Gurbin Sunan Uba

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe. Ofis, Parakou.

Mariatou ta kira ni daga Djougou tana kuka. Ita ce sakatariyar reshen asibitin haihuwarmu na can, ita ke cika wa mai jego fom a kwamfuta, ta buga takardar haihuwa ta sa mata cikin karne, ɗan littafin asibitin da ake ba mai jego. Shekara huɗu muna aiki ta waya, ban taɓa jin muryarta ta karye ba.

Wai wani mai fataucin shanu, Usuman Tambaya, ya shigo da safen nan ya maka mata takarda a kan tebur. Matarsa Naja'atu ta haihu a wurinmu ranar Larabar da ta wuce, namiji, bayan 'yan mata biyu. A gurbin sunan uba takardar ta fito da sunan wani daban, Ukasha, mahauci. Kuma ba baƙo ba ne, unguwarsu ɗaya.

"Khalida, wallahi ban rubuta ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Na ce ta kwantar da hankalinta, kwamfuta ba ta ƙirƙiro suna da kanta, wataƙila hannunta ne ya zame. Da muryar nan tawa ta mai digiri na faɗa. Ni na rubuta shirin da ke karɓar fom ɗin, yana zaune a kan sabar da ke bayan kujerata, babbar kwamfutar da rassan biyu ke aika wa komai. Na san shi layi-layi.

Jibi ne suna.

Litinin, bayan La'asar.

Na cika fom na gwaji sau talatin. Sunan uwa, sunan uba, unguwa, nauyin jariri. Abin da na zuba shi ya fito. Lafiya lau.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 12 da rabi.

Madam, shugabar asibitin, ta kira ni ofishinta. Ba ta ce in zauna ba.

"Khalida, dis-moi, faɗa min. Mashin ne ko mutum?"

Na ce na gwada sau talatin, mashin lafiyarsa ƙalau.

"Donc, Mariatou ce ke nan."

Ban ce ita ce ba. Ban kuma ce ba ita ba ce. Madam ta ɗauki waya a gabana ta dakatar da ita daga aiki har a gama bincike. Ina jin muryar Mariatou can ƙasa-ƙasa cikin wayar, na tsura wa kalandar bango ido.

Ban yi ƙarya ba. Abin da na gani na faɗa.

Laraba, 9 ga Oktoba, Azahar.

Ba a yanka rago a gidan Usuman ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe. Ɗakina, unguwar Guéma, Parakou.

Inna ta kira. Ba ta san maganar ta shafi aikina ba, a wurinta ni mai kwamfutar likita ce, shi ke nan. Labari ta kawo min da zafinsa daga gida, Djougou. "Duk Zugu babu zancen da ake yi sai shi," in ji ta. Inna ba ta cewa Djougou, Zugun kakanninta take cewa.

Ranar Lahadi Usuman ya dawo daga kasuwa, ya ɗauki karnen yana murna, ya warware takardar. A tsakar gida ya karanta, gaban uwarsa da ƙannensa, ya ce Naja'atu ta tafi gidansu. Da ɗanyen jego, kwana huɗu. 'Yan matan biyu ya riƙe su. Jiya babanta ne ya yanka wani ɗan ƙaramin rago, aka raɗa wa yaron Muhammad Amin, ba taro ba guɗa.

Na ce, "Inna, a kan takarda ɗaya?"

"Ai Ukashan nan ya nemi aurenta kafin Usuman. Shi kuma farkon shekara wata uku ya yi a kasuwannin shanu bai leƙo gida ba, in ji masu ƙirga wa mutane wata da yatsu. Ƙarya suke, ya zo sau biyu, ni na gan shi. Yarinyar nan tun tana yi wa kakarta tallan goro na san ta, ko ido ba ta ɗagawa."

Har za ta kashe waya ta ƙara, "Abin tausayi, matar Ukashan ma ranar ta haihu, a asibitin nan naku."

Kokon da na saya yana nan a kan tebur, ban sha ba.

Alhamis, ƙarfe 3 na rana. Ofis.

Na duba tarihin sabar. Fom ɗin matar Ukasha ya shigo ƙarfe 9:14. Na Naja'atu ƙarfe 9:52. A tsakaninsu akwai fom uku na wasu mata. In hannun Mariatou ne ya zame, me ya sa ya tsallake mata uku ya koma can baya? Ina sunan ya kwanta har minti talatin da takwas?

Na sake gwaji, sau hamsin. Lafiya lau.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana.

Maza sun tafi masallaci, ofis ba kowa, na zauna ina bin takardun Djougou ɗaya bayan ɗaya. Na yi karo da ta wata mata daga wani ƙauye a Partago, ta haihu ƙarshen Satumba. Sunan uban da ke jiki na san shi. Malamin makaranta ne a nan Guéma, matarsa a reshen Parakou ta haihu, ranar guda, na ma ci shinkafar sunan.

Mariatou ba ta taɓa jin sunan mutumin nan ba. Babu hanyar da zai bi daga Parakou ya faɗa takardar Partago sai ta cikin akwatin da ke ƙara a bayan kujerata.

Na rufe kwamfuta na tari zem, ɗan acaɓa, na tafi gida. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, hantsi.

Zazzaɓi nake ji amma jikina ba zafi. Na yi wanki, har da kayan da ba su yi datti ba.

Gyaran da na yi a Satumba ba shi da hannu a ciki. Na duba shi a lokacin.

Lahadi, 13 ga Oktoba, La'asar.

Ba shi da hannu.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe.

To bari in rubuta shi, tun da littafina ne.

Da, duk lokacin da aka aiko fom, shirin yakan farka, ya yi aikinsa, ya mutu. Wani fom ya zo, ya sake farkawa sabo fil, bai san kowa ba. Tsafta ce, amma akwai nawa, ga rezon Djougou, wato intanet ɗinsu, da ma a hankali yake tafiya. Masu jego su yi ta zama a benci da jarirai suna jiran takarda. Madam ta yi ta ƙorafi. Ranar 9 ga Satumba na canja tsari, na sa shirin ya zauna a farke kullum, kwafi takwas, duk wanda ba ya aiki ya karɓi fom na gaba. Abin ya yi sauri har Mariatou ta kira ta yi min kirari. A taron ma'aikata Madam ta sa aka tafa min, ni kuma na sunkuyar da kai irin na wadda ba ta son yabo, alhali daɗi ya cika ni.

Wanda bai mutu ba yana iya tunawa. Wannan na sani tun a makaranta. Amma na karanta shirin sau biyar yau, kowane fom ya zo sabon suna yana hawa kan tsohon ya shafe shi. Na gwada sau ɗari biyu, na gaji da ƙirƙiro sunayen maza har na koma na 'yan ajinmu na firamare. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Ya ƙi yi a gabana.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki.

Madam ta tambaye ni ina bincike ya kwana. Na ce ana kai.

Na nemi izinin kwana biyu, na ce Inna ba ta da lafiya. Inna lafiyarta ƙalau, Allah ya yafe min.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan La'asar. Gidanmu, Djougou.

Motar safe na shiga, an matse mu mu huɗu a baya da buhun doya a ƙafafunmu. Ko gida ban fara zuwa ba, na wuce wurin Mariatou. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta rame. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ba ta yi min dariya ba.

Na ce, "Yaya Mariatou, ki ba ni labarin safiyar nan, tun daga shigowarta. Kar ki tsallake komai."

"Me zan tsallake? Ta shigo da uwarta. Na tambayi sunanta, ta faɗa. Unguwa, ta faɗa. Na ce sunan mai gida, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanen goyo. Na dubi uwar, ta juya min ƙeya, kin san ba za ta kira sunan suruki ba. Na ce to, na bar wurin, in ya dawo ya zo a cike masa."

"Kin bar shi yaya?"

"Fayau. Ba komai."

"Kika aika fom ɗin haka nan?"

Ta ajiye tiren waken ta dube ni. "Ke wai 'yar ina ce? Innarki ta taɓa kiran sunan babanki kin ji? Matan gidajenku haka nake yi da su tun zuwana. Takarda ta fito da wurin a sarari, miji ya zo in rubuta da biro in buga hatimi. Tun Satumba ma mazan suka daina dawowa, na ce ko sun daina damuwa ne. Ni da abu ya yi sauri, daga firinta sai in ninke sai karne, layi na jirana."

Shekarata talatin da ɗaya, a gidanmu na tashi. Babana ya rasu, an yi sadakar arba'in, an yi shekara shida, har yau Inna "Malam" take cewa. Ranar da wani ma'aikacin ƙidaya ya matsa mata, ni ta kira daga ɗaki in zo in faɗa. Ni ce na zauna na cika fom sama da ɗari biyu, ban bar gurbin nan a sarari ba ko sau ɗaya. A reshen Parakou maza ne ke zuwa da kansu, ko matan su faɗa ba wata kunya, ni kuma da su na saba.

Na ce, "To." Na miƙe. Ta bi ni da ido har ƙofa.

Laraba, ƙarfe 5 da rabi.

A ɗakin Inna, da kwamfutata a cinya. Na cika fom na bar sunan uba a sarari. Ya fito da suna, wani mutum da matarsa ta haihu yau da safe a Parakou. Na sake, wani sunan daban. Na sake. Sunaye takwas ne suke ta zagayawa, kowane kwafi da mutumin ƙarshe da ya gani. Shi ya sa na Ukasha ya tsallake mata uku, su wasu kwafin ne suka karɓe su.

Layin yana nan a gabana, da hannuna na rubuta shi: in an zuba suna, ka ajiye. Ban gaya masa abin da zai yi in ba a zuba ba. Da can mutuwa ce ke share masa kai, ni kuma na hana shi mutuwa.

Gyaran layi ɗaya ne, ya wanke komai kafin ya karɓi sabon fom. Minti biyu. Inna tana waje tana faɗa da akuya a kan garin rogo.

Alhamis, 17 ga Oktoba, safe.

Na gyara. Daga yau ba zai sake ba. Duk wanda ya gwada zai ga lafiya lau.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, Azahar.

Hanyar tasha ta bi ta ƙofar gidan su Naja'atu. Na ce wa mai zem ya zagaya ta bayan kasuwa. Ya ce ta fi nisa. Na ce na sani.

Asabar, 19 ga Oktoba, La'asar. Guéma.

Babu wanda zai iya ganowa. Ni kaɗai ke buɗe sabar. Madam ko kalmar sirri ba ta sani ba. In na yi shiru Mariatou za ta samu wani aikin, tana da hannu, tana da mutane. Ni ce babba a gidanmu, ƙannena uku suna makaranta.

Na karanta abin da na rubuta yanzu, na ji ƙyamar kaina.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 8 na safe.

Inna ta kira. Ruwan nonon Naja'atu ya ja baya, ana haɗa wa yaron da madarar gwangwani. Ba ta fita ko ƙofar gida. Babbar 'yarta, mai shekara bakwai, ta sulale ta zo ganin uwarta, ƙanin Usuman ya biyo ta ya janye ta tana ihu. An ce Usuman ya je wurin liman a kan maganar takardar saki, liman ya ce ya jira a yi arba'in.

"Ke da kike cikinsu, ba ki ji komai ba? Wace marar tsoron Allah ce ta yi wannan aiki?"

Na ce rezo ba kyau, ba na jin ta.

Litinin, 21 ga Oktoba.

Ban je aiki ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana.

Na faɗa wa Madam. A tsaye, ban jira ta ba ni kujera ba. Na faɗi na Satumba, na faɗi layin, na faɗi ranar da na gano.

Ta daɗe tana juya biro. Abin da ta fara tambaya shi ne takardu nawa. Muka kira Mariatou ta je ta ɗauko rajistarta ta hannu, inda take sa ɗigo a gefen duk wadda ta bar wa gurbi. Tana karantowa ina dubawa. Goma sha bakwai. Takardu goma sha bakwai suna kwance a gidajen mutane, cikin akwati ko ƙarƙashin katifa, da sunan wani ƙato a matsayin uba. Sa'ar da muka yi, yawancinsu ba a warware su ba.

Mariatou ba ta zage ni ba. Da muka gama ta ce, "Tun ranar waken na sani." Ta kashe wayarta.

Madam ta ce Mariatou ta dawo aiki gobe, a bi gidajen a hankali a ce za a sabunta takardu, a karɓo tsofaffin. Usuman kuma a aika masa wasiƙa, erreur technique, wato kuskuren na'ura, da hatimi.

Na ce, "Madam, takarda mai hatimi ce ta kore ta. Wata takardar ba za ta ishe shi ba, zai ce an saye mu. Sai ya gani da idonsa."

"In kin je, da ƙafarki kika je, ba da sunan asibiti ba. Maganar aikinki kuma za mu yi ta ƙarshen wata."

Na ce na ji.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Azahar.

A nan Parakou na same shi, wajen Gare, tashar jirgin ƙasa, inda ake loda shanu a manyan motoci zuwa Cotonou. Na yi tambaya wurin mutum uku kafin a nuna min shi. Dogo ne, siriri, da sanda a kafaɗa, idonsa ja. Na zata zan ga azzalumi. Mutumin da na gani ya yi kwanaki bai ci abinci ba.

Na gaishe shi na faɗi gidanmu, ya san babana. Da na ambaci asibiti fuskarsa ta rufe.

"In sakatariyar nan ce ta aiko ki, koma."

"Malam Usuman, ba ita ba ce. Ni ce. Minti biyar nake roƙo."

Da ma na ajiye tsohon shirin a kwamfutata, kwafi ɗaya tak. Muka zauna a bencin mai shayi, direbobi suna leƙe, ga ƙarar shanu ga warin gazuwal, man manyan motoci. Na ce ya ba ni sunan wata mace da babu ita a duniya. Ya ce Bilkissou. Na rubuta, na sa sunansa a gurbin uba, na aika. Ya fito daidai. Na ce ya ba ni wata. Ya ce Rahinatou. Na nuna masa gurbin uba, na ce ya duba da kyau, ba komai. Na ce shi ya danna da yatsansa.

Takardar ta fito. Uwa, Rahinatou. Uba, Usuman Tambaya.

Yana karanta Faransanci a hankali, leɓensa na motsi. Ya ce, "Sake." Na sake da wata macen. Ya ce, "Sake." Sau huɗu, mata huɗu da bai taɓa gani ba, duk shi ne uban 'ya'yansu. Na gaya masa matar Ukasha ta riga tasa shiga da minti talatin da takwas, Ukasha da bakinsa ya ba da sunansa, mashin ya riƙe.

Ya zame daga benci ya tsuguna a ƙasa, ya dafa sandarsa. Can ya ɗago.

"To ni me ya sa ba a sa sunana ba tun farko? Ba ta da baki ne?"

"An tambaye ta. Ta ƙi faɗa."

"Don me?"

"Kunyarka ta ji, Malam."

Wani yana ta kiransa daga kan mota, saura shanu biyu ba a loda ba. Bai waiga ba. Ya ce, ba da ni yake ba, "Ban ma tambaye ta ba. Ta buɗe baki na ce ta rufe min." Ya share fuska da hannun riga. Na ba shi haƙuri, na ce laifina ne, na faɗa sau uku. Ban ga alamar ya ji ba.

Da zan tafi ya ce ranar Lahadi zai je biko da kawunsa da liman. In zo da sabuwar takarda, in faɗa mata abin da na faɗa masa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, safe.

Na ci abinci. Na kira Inna na gaya mata komai. Ta yi salati, sannan ta ce in zo da mayafi babba.

Wataƙila a gyara. Ya Allah, a gyara.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan La'asar. Djougou.

Maza suna zaure: Usuman, kawunsa, liman, da baban Naja'atu. Sun zo da ƙwaryar goro da turmi biyu na atamfa da ragon da ba a yanka ba, an ɗaure shi a ƙofar gida yara sun kewaye shi. Ni da Mariatou muka shige ciki, ita da ƙaramar firinta a jaka. Ba mu yi magana a hanya ba.

Ɗakin yana jikin zauren, katanga ɗaya ce tsakani, ana jin tarin liman. Naja'atu tana bakin gado da yaron a cinya. Ƙarama ce, ba ta kai ni shekaru ba. Uwarta tana kan tabarma, da wasu mata biyu na gidan.

Na durƙusa na faɗi komai. Ban yi ta da turancin kwamfuta ba. Na ce na yi wani gyara don a daina jira, gyaran ya sa mashin yana riƙe sunan mutumin baya, duk wadda ta yi shiru sai ya liƙa mata. Na ce da ta faɗi sunan da ba abin da zai faru, kunyarta ce ta faɗa ramin da na haƙa. Na ce ta yafe min.

Ta saurara har ƙarshe tana jijjiga yaron. Muryarta a kwance take.

"Yaushe kika sani?"

Na so in ce Talata. Mariatou tana gefena.

"Na fara zargi ranar sha ɗaya ga wata. Na tabbatar ranar sha shida."

"Yau nawa?"

"Ashirin da bakwai."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Uwarta ta ce, "Ai komai ya wuce, gaskiya ta fito, alhamdu lillahi. Ga su can sun zo da mutuncinsu. A yi takardar a kai musu."

Na buɗe kwamfuta. Sunan uwa, na rubuta. Unguwa. Ranar haihuwa. Sunan yaro, Muhammad Amin. Na zo gurbin uba na ce, "Wannan na sani, ba sai an faɗa ba."

"A'a. Tambaye ni."

"Naja'atu, ba sai..."

"Aikinku ne ku tambaya. Tambaye ni."

Na dubi Mariatou. Ta kawar da kai. Na ce, "Sunan uban yaro?"

Ta ɗaga kai, ta ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga.

"Usuman Tambaya."

Uwarta ta dafe baki. Ɗaya daga cikin matan ta ce innalillahi. Shekara tara da aure, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. A gidajenmu macen da ta kira sunan mijinta haka, gaban uwarta, babanta na jin ta, ba ta ɗauke shi miji kuma ba. Hirar zaure ta tsaya cak.

"Usuman Tambaya," ta sake faɗa, a hankali wannan karon, don kar in yi kuskure. "Rubuta da kyau. Uban yaro ne, a ba shi takardarsa. A ce masa ya aiko min 'ya'yana in gan su."

Uwarta ta fara kuka tana kiran sunanta. Naja'atu ta juya ga bango ta ba yaron nono.

Na rubuta. Firinta ta yi ƙararta, takardar ta fito, Mariatou ta karanta ta sau biyu ta buga hatimi. Babu kuskure ko ɗaya. Ni aka ba in kai.

A zaure ba wanda ya dube ni. Goron yana tsakiyar tabarma, ba a kwance shi ba. Na durƙusa na miƙa wa Usuman takardar da hannu biyu, ya karɓa bai warware ba. Kawunsa ya gyara murya ya ce wa baban Naja'atu, "To Alhaji, a yi haƙuri, a ba mu matarmu mu tafi da ita."

Tsohon bai ɗago ba. Yana jan carbi ya ce, "Ai kun ji da kunnenku."